Jar Fitilar Ɗakinsa

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton zuwa hasken taga, ya nuna mini wani wuri da bakin biro. Ya ce nan ne kan ƙashin cinya, inda yake shiga cikin ƙugu. Ya ce a wasu yara jini kan daina isa wurin na wani lokaci, sai ƙashin ya yi laushi.

"Kin san curin fura?" in ji shi. "To kamar haka yake yanzu. In aka bar shi, zai sake yin ƙwari a mulmule yadda yake. In aka danna shi zai baje, kuma a bajen zai bushe. Saboda haka kada yaron ya taka ƙafar nan. Ba gudu, ba tafiya, ko tsayuwa ban yarda ba."

Na tambaye shi har zuwa yaushe. Ya ce sai abin da hoto ya nuna.

Ɗana yana da shekara bakwai a lokacin. Shi ne na fari, ban saba kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a nan ba. Abin ya soma ne da ɗan ɗingishi da muka ɗauka na ƙwallo ne, sai kukan gwiwa da yamma. Da aka kwantar da shi aka ba shi magani, ba a jima ba ciwon ya ɗauke. A nan wahalar ta fara. Da yana jin zafi, da zafin ya riƙe mini shi a gado. Amma ga yaro yana ci, yana sha, yana dariya, ba zazzaɓi, ba kumburi. Abin da ya hana shi tashi kawai maganar wani mutum ce mai farar riga, da wani baƙin hoto da shi bai ga komai a cikinsa ba.

Muna zaune a Ƙofar Wambai, a wani sashe mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Mahaifinsa yana aiki a Azare, sai ƙarshen mako yake zuwa. Tagar ɗakin yaron tana kallon lungu, lungunmu kuwa ba ya rabo da yara. Da safe masu tafiya makaranta, da hantsi masu talla, bayan la'asar ƙwallo har a kira magariba. Bango ɗaya ne tsakaninsa da su. Yakan ji ƙwallo ta bugi bangon daidai saitin kansa.

Na ɗauki hutu daga gidan rediyon da nake karanta labarai, na zauna da shi. Na gwada duk abin da ake gwadawa. Na ba shi waya ya kalli zane-zane har idonsa ya yi ja ya soma fushi ba dalili. Muka yi ludo, muka yi dara da ƙwallayen dabino a kan kwali. Malamarsa, wata maƙwabciyarmu 'yar Bogoro, tana kawo masa aikin aji. Kowanne yakan yi 'yan kwanaki ya gundure shi. In zai zaga, goya shi nake yi, ƙafafunsa suna lilo har gwiwata. Na daina zuwa kasuwa, na daina zuwa biki, gaisuwar mutuwa ma sai ta waya. Ko wanka zan yi, sai in bar ƙofa a ɗan buɗe ina kira, "Kana nan?" Shi kuma ya amsa, "To ina zan je?" Ba sau ɗaya ba na fito daga madafa na same shi zaune a bakin gado, yatsun ƙafarsa saura kaɗan su taɓa siminti.

Kakarsa, mahaifiyar mijina, a Miri take zaune. Takan hau acaɓa ta zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a gefen mayafi, tun daga zaure take soma tsokanarsa.

"Wai wannan wane irin miji ne? Kullum na zo yana kwance. Ba gona, ba cefane. Ni kam wani zan nema."

"Wa zai ɗauke ki? Ko haƙori ba ki da shi."

"Ja'iri. Tashi ka kama ni in kana da ƙarfi."

Sai in ce, "Hajiya, don Allah a daina ce masa ya tashi."

"Wasa nake yi, 'yar nan." Sannan ta sassauta murya. "Amma ni ban taɓa ganin ciwon da ba ya ciwo ba. Kwanciyar nan ita za ta kashe masa ƙafa."

Ba ta taɓa saɓa abin da na ce ba. Ba ta kuma taɓa yarda da shi ba.

Hutuna ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban sami abin da zai riƙe shi a gado in ba na nan ba. Wata rana ina yanke masa farce sai ya tambaye ni.

"Umma, in kina karanta labarai kika ji fitsari fa?"

"Sai in riƙe."

"In sauro ya cije ki?"

"Sai in bar shi ya ƙoshi."

"Me ya sa?"

Na ce masa a saman ƙofar ɗakin da muke watsa shiri akwai wata jar fitila. In ta kama, ba mai shiga, ba mai fita, ba mai tashi daga kujerarsa. Sai ta mutu sannan kowa ya motsa.

"Ko gwamna ne ya zo?"

"Ko gwamna ne, sai ya jira a waje."

Ya yi ta juya maganar a ransa. Na ga ta shige shi yadda maganar likita ba ta taɓa shigarsa ba.

Ranar Asabar mahaifinsa ya sayo jan ƙwan fitila, ya maƙala shi a saman ƙofar ɗakin ta ciki, inda yaron zai riƙa ganinsa daga gado. Ya haɗa shi da layin 'yar solar da ke ba mu haske da fanka, don kada ɗaukewar wutar gari ta shafe shi. Na sa wa ludayin ƙarfe safa, ya zama makirufo. Na jingina madubina a kan taga yadda zai riƙa hango lungu yana kwance. Muka buɗe tasha. Doka ɗaya ce: in jar fitila tana ci, mai gabatarwa ba ya barin wurinsa.

Na tsara masa yini yadda na iya tsarawa, wato ba tare da rami ba. A aikinmu babu abin da ake tsoro kamar shiru. Mai gabatarwa zai yi tuntuɓen harshe a yafe masa, amma in ya bar masu sauraro cikin shiru, ko na ɗan numfashi kaɗan ne, sai an kira shi ofis. Don haka da safe akwai buɗe tasha da addu'a. Sai labaran lungu, wato duk abin da ya ji ko ya hango: akuyar gidan tela ta shiga shagon mai niƙa, mai kunu ta yi faɗa da mai awara. Sai darasi, wanda aikin aji ne da aka canza wa suna. Sai filin gaishe-gaishe. Duk wanda ya zo dubiya ya zama baƙon shiri, sai ya zauna a kujerar roba ya amsa tambayoyi. Na koya masa kada ya yi tambayar da za a amsa da e ko a'a.

"Hajiya," ya ce wa kakarsa, yana miƙa mata ludayi, "masu sauraro suna so su ji, yaya aka yi haƙoranki suka ƙare?"

"Ka gaya wa masu sauraro baƙin cikin mijina ne ya zubar da su."

Bayan la'asar kuma sharhin ƙwallo. Wannan ne ya fi so. Yana kallon madubi yana ɗaga murya, har yaran lungu suka gane, suka matso da wasansu gindin taga. Sai ka ji wani ya leƙo yana haki: "Mai rediyo, ka ce ni na ci! Wallahi ni na ci!" Shi kuma ya ce, "Ba mu tabbatar da wannan labari ba tukuna." A bakina ya ji wannan.

Na koma aiki. Hajiya ta dawo gidanmu da zama a ranakun mako. Da safe in yi masa wanka, in gyara masa matasai, in kunna fitila in fita. In na dawo in kashe ta da hannuna, ya yi sallama da masu sauraro, in goya shi zuwa tabarma a tsakar gida ya sha iska. Hajiya ta ce ko ita in ta zo wucewa da kwano sai ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Da muka koma asibiti aka ɗauki sabon hoto, likita ya ce ba laifi, a ci gaba da abin da ake yi. Ban gaya masa abin da ake yi ba.

Sai damina ta yi nisa, aka shiga marka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, shanya ba ta bushewa, bangon ɗaki ya yi sanyi. Ranar da abin ya faru, da safe na lura fanka tana juyawa a kasalance. Na ce a raina ai gari da sanyi, ba a buƙatarta. A wurin aikinmu jar fitila tana kan janareto da manyan batura. Duk shekarun da na yi ina zama a ƙarƙashinta, ban taɓa ganin ta mutu da kanta ba, sai injiniya ya kashe. A sanina, abu ne da ake kashewa, ba abu ne da ke mutuwa ba. Na kunna ta gida, na ɗauki lema na fita.

Ba a shiga ɗakin watsa shiri da waya. Da na gama labaran rana na fito, na tarar Hajiya ta kira ni ta sake kira. Na kira ta ina tsaye a baranda.

"Albishirinki," ta ce.

"Goro," na ce, don baki ya saba.

"Mijina ya tashi. Da ƙafarsa, 'yar nan! Ina sallame azahar na duba gado, wayam. Na leƙa lungu, ga shi can cikin yara, ruwa ya ɗan tsagaita, har ƙwallo ya buga. Ba ki ga gudu ba!"

"Yana ina yanzu?"

"Yana can, na ce bari in fara gaya miki."

"Hajiya, a sa wani babba ya ɗauko shi. Kada ya tako da kansa. A ɗauko shi cak a kwantar."

Na ji muryata ta fita daidai, ba hawa ba sauka, irin wadda nake karanta labarin haɗarin mota da ita. Ita ma ta ji. 

Keke mai ƙafa uku da na hau ya maƙale a cunkoso wajen Wunti, ruwa ya cika hanya. Na zauna ina kallon ƙeyar direba. Babu abin da saurina zai gyara, abin da za a taka an riga an taka.

Na same shi a gado, taɓo har ƙwauri, fuskarsa tana wani haske da na manta yana da shi. Ƙwan fitilar yana saman ƙofa, baƙi ƙirin. Batirin sola ya ƙare tun kafin azahar. Hajiya tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Ta ce tana cikin salla ta ji shi yana cewa a nan suka kawo ƙarshen shirye-shiryensu na yau, a madadin kowa da kowa yana cewa a huta lafiya. Ta ɗauka cikin wasan ne.

"Fitila ta mutu, Umma," ya ce. "Na jira, na jira, ba ta dawo ba. Ke kika ce in ta mutu an tashi."

Na bi maganarsa kalma bayan kalma, yadda nake bin labari kafin in karanta. Ban sami kuskure a ciki ba.

"Ina ke maka ciwo?"

"Babu ko'ina. Umma, na ci ɗaya. Kowa ya gani."

Na kawo ruwa a roba na wanke masa ƙafa. Kafin magariba gwiwar ta soma ciwo.

Likita ya jera tsohon hoto da sabo a jikin taga. Ko ni na ga bambancin: gefe ɗaya na curin ya ɗan lotsa, kamar an taɓa shi da babban yatsa. Na tambaye shi ko ranar ce ta jawo.

"Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba. Wani lokaci yakan yi haka ko yaro yana kwance. Abin da ya rage shi ne mu tsare sauran."

Aka ɗaure masa ƙafafu biyu da farin filasta mai tauri, wanda mutane ke ce wa siminti, daga cinya har idon sawu. Aka ware su, aka gitta sanda a tsakani don kada su haɗu. Da muka dawo gida sai da muka karkata shi kafin ya shiga ƙofar ɗaki.

Yanzu ba a buƙatar fitila. Ko yana so ba zai iya tashi ba, ko juyawa sai an juya shi. Damina ta janye, zafi ya dawo, ƙaiƙayi ya kama shi a can cikin simintin inda hannu ba ya kaiwa, likita kuma ya hana a zura komai. Sai in zauna ina yi masa fifita a bakin filastan yana cije leɓe. Ya ce a kifa madubin. Yara suka yi ta zuwa gindin taga suna kira, "Mai rediyo, a buɗe tasha mana!" Bai amsa ba, har suka gaji suka mai da wasansu can bakin masallaci. Ludayin ya koma madafa. Hajiya ta daina tsokanarsa. Takan shigo ta ce, "Sannu, ya jiki?" kamar baƙuwa, ta zauna tana ɓarar gyaɗa. Wannan ya fi komai yi wa ɗakin nauyi.

Na sake ɗaukar hutu, wannan karon ba tare da na san ranar komawa ba. Na koma cika masa yini da baki. In ba shi tatsuniya, in ba shi labarin makarantarmu ta kwana, in karanta masa abin da ke jikin kwalin magani in na rasa na faɗa. Da zarar na ji ɗakin ya yi tsit sai in sake kama wata maganar. Wata rana da hantsi ina tsakiyar ba shi labarin wata tafiya da na taɓa yi, ya kira ni.

"Umma."

"Na'am."

"Ki yi shiru."

Na yi shiru. Da farko ji na yi kamar na bar wani abu a kan wuta. Sannan na soma jin abin da yake ji tun watanni: keken tela, injin niƙa yana tashi yana mutuwa, wata mata tana kiran ɗanta daga nesa, fanka. Muka zauna a haka har aka kira azahar. Ba wanda ya kira ni ofis.

Haka muka ƙarasa sauran zaman. Ban ƙara tsara masa komai ba. Bayan wasu kwanaki ya ce in ba shi biro. Ya soma zane a jikin simintin cinyarsa, inda hannunsa ke kaiwa. Na ɗauka shirme ne, sai daga baya na gane lungunmu yake zanawa: ƙofarmu, shagon tela, mai niƙa, masallaci, da kwatar da ƙwallo ke yawan faɗawa. Sandar da ke tsakanin ƙafafunsa ita ce gadar bakin titi. Kullum sai ya ƙara gida ɗaya ko biyu. In ya manta wane gida ne ke bin wane, Hajiya yake tambaya, don ita ke fita sayen kayan miya.

"Tsohuwa," ya ce mata wata rana bai ɗago ba, "na ga kin yi shiru. Ko kin sami wani mijin ne?"

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta tashi ta fita tsakar gida. Ta daɗe tana wanke kwanon da na riga na wanke.

Ranar da aka yanke simintin, lungun ya rabu biyu aka jefa shi a kwandon shara na asibiti. Ƙafafun da suka fito sirara ne, fatar tana saɓa. Aka shiga motsa gaɓoɓi a kwance, sannan sanduna biyu da ƙafa ɗaya a sama, sannan hoto, sannan wani hoton. Wata damina ta zo ta wuce. Sai wata safiya likita ya daɗe yana kallon taga, ya juyo ya ce ƙashi ya yi ƙwari. Ya ce bai koma mulmulalle sarai ba, amma ya zauna cikin gurbinsa, kuma iyakar abin da za a samu ke nan.

"To, malam," ya ce wa yaron, "taka mu gani."

Bai taka ba. Ya kalli likita, ya kalle ni, ya ƙara ɗage ƙafar. Likita ya lallashe shi, ma'aikaciyar jinya ta yi masa alkawarin alewa. Ya ƙi. A kan sandunansa muka dawo gida.

Da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ya ɗaga kai ya kalli saman ƙofa. Ƙwan yana nan, ya yi ƙura, ba wanda ya taɓa shi tun ranar.

"A kunna," ya ce.

Na kunna. Ɗakin ya yi ja kaɗan duk da hasken rana. Ya daɗe yana kallo.

"To ki kashe. Da hannunki."

Na kashe.

"An tashi?"

"An tashi."

Ya sauke ƙafar hagu a hankali har tafin ya kwanta a kan siminti. Ya miƙe yana dafa bango. Hajiya tana bakin ƙofa, ta matsa gefe. Ya bi bango ya fita tsakar gida, ya nufi zaure. Ina bayansa, ina kallon kafaɗarsa ta hagu tana ɗan nutsawa duk lokacin da ya taka.

Har yau tana nutsawa. Wanda bai sani ba ba zai lura ba sai in ya gaji, ko in sanyi ya yi yawa. Likita ya ce ƙugun zai iya neman a sake duba shi in shekaru sun ja. Yanzu yana sakandare, a raga yake tsayawa in ana ƙwallo. In yana dawowa da yamma, tun daga zaure nake gane tafiyarsa: taku ɗaya cikakke, ɗaya ɗan gajere. Kafin ya yi sallama na riga na san ya gaji ko bai gaji ba.